Wasiƙa zuwa Alƙahira: Kadmus da Macijin Rijiya

Assalamu alaikum, ya aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Na san tun bayan Babbar Sallah ban rubuto maka ba, amma ka dakata da yanke mini hukunci har ka ji abin da ya riƙe ni, domin maganar ta shafe ku Daurawa fiye da yadda kake zato.

A zangon karatun nan an ɗora mini darasin wasan kwaikwayo, kuma cikin abubuwan da za a karanta akwai wasan nan na Ola Rotimi da aka fara nunawa a Ife a 1968, wanda ya ɗauko labarin Sarki Odifus daga Safokilis, marubucin wasan kwaikwayo na Girkawan da, ya dasa shi a ƙasar Yarabawa. Na ga ba zai yiwu ɗalibi ya gane abin da Rotimi ya sauya ba alhali bai san abin da ya tarar ba, sai na ware mako uku domin tatsuniyoyin Girkawan da. Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo.

Ranar farko na fara yadda aka fara mana, wato da salsalar abubuwan bautarsu da mawaƙinsu Hesiyod ya jera wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa: yadda Kuronos yake haɗiye 'ya'yansa don gudun kada su karɓe masa mulki, yadda matarsa Riya ta naɗe dutse a zane ta miƙa masa a madadin jaririnta Ziyus, da yadda yaron ya girma ya tumɓuke ubansa. Ban kai ƙarshe ba wani ɗalibi, mai ladabi kuwa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a gafarce ni, wannan ba shirka ake koya mana ba?" Aji ya yi tsit. Ni kuma, da dukkan shekarun da na yi ina riƙe da alli, ban sami abin cewa ba illa wai haka manhaja ta tsara. Amsar ragwaye ce, kuma na ga alamar hakan a fuskokinsu.

Da na koma gida na yi nazari, sai na gane cewa rabin matsalar tana cikin kalma ɗaya da na yi ta maimaitawa, wato "alloli". Kunnen Bahaushe ba ya sakewa da jam'in wannan suna, kuma bai kamata ya sake ba. Na gwada "gumaka", amma gunki abu ne da aka sassaƙa, ba ya aure, ba ya kishi, ba ya saukowa filin yaƙi ya goyi bayan wani, alhali su waɗannan ba su da wani aiki sai wannan. Kalmar da ta fi kusa da halinsu ita ce "iskoki", domin yadda masu bori ke ba da labarin Jangare, da sarki da fadawa da kishiyoyi da gaba tsakanin gidaje, kusan haka Girkawa ke ba da labarin Dutsen Olimfus. Sai dai ita ma tana rage wani abu, tunda Girkawa sun gina musu manyan ɗakunan bauta, birane sukutum suna yi musu yanka. A yanzu a rubuce ina cewa "abubuwan bautar Girkawa", a baka kuwa nakan ce "iskokinsu", kuma ban gamsu da ko ɗaya ba. Kai da ka fi ni Larabci, wace kalma za ka zaɓa?

A darasi na biyu na koma wa yaron da amsar da ta kamace shi tun farko. Na tuna masa cewa a zaurukanmu ana karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Jahiliyya, kamar yadda ni da kai muka karanta a gaban marigayi Malam, Allah ya jiƙansa, kuma ba wanda ya ce mun bi addininsu, domin malamai sun ce naƙalto kafirci ba kafirci ba ne. Na ƙara masa da cewa ƙyamar da ya ji ba shi ya fara jin ta ba. Wani Bagirke mai suna Zenofanis ya zargi mawaƙansu Homa da Hesiyod da jingina wa abubuwan bautarsu sata da zina da yaudara, ya kuma ce da dawakai za su iya zane, da sun zana abin bautarsu da siffar doki. Aflatun ma ya so a hana yara jin irin waɗannan labarai a birnin da ya tsara a tunaninsa. Yaron ya yi murmushi da ya ji yana da magabata a cikin Girkawan kansu.

Yanzu ga inda kuka shigo. A mako na biyu na ajiye littafi na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," suka amsa suna dariya. Na ba su labari ba tare da na ambaci suna ko ɗaya ba: wani ɗan sarki ya baro ƙasarsu daga gabas, ya yi doguwar tafiya, ya iso wani wuri inda ƙaton maciji ya tsare ruwa, ya kashe shi, daga baya ya auri mace mai daraja, kuma sarakunan garin daga tsatsonsa suka fito. Kafin in rufe baki aji ya ɗauka, "Bayajidda! Kusugu!" Na ce musu a'a, sunansa Kadmus, daga Taya ta ƙasar Finisiya ya fito neman ƙanwarsa Yurofa, garin kuwa Tibis ne, kuma shi ne kakan kakan Odifus ɗin da muke shirin karantawa. Da ka ga idanunsu. Na san da kana nan da ka rantse cewa Girkawa ne suka sato labarin daga Daura, don haka na riga ka, na gargaɗe su kada kowa ya rubuta mini cewa wani ya ara daga wani, tunda ba mu da hujja. Na sa su nemo bambanci maimakon haka, suka kuwa samo. Bayajidda an saka masa da auren Daurama, mutane suka huta da jiran Juma'a kafin su ɗebi ruwa. Kadmus kuwa sai da ya yi bautar shekara takwas don ya kashe macijin Aris, abin bautarsu na yaƙi, ya shuka haƙoransa mayaƙa suka tsiro suka karkashe juna har saura biyar, kuma masifa ba ta bar zuriyarsa ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Da muka zo kan Odisiyus, wanda ya ce wa ƙaton nan mai ido ɗaya sunansa "Ba Kowa", har da ƙaton ya yi kururuwar cewa Ba Kowa ne ke cutar da shi 'yan'uwansa suka koma barci, su da kansu suka ce wannan ai Gizo ne. Wata ɗaliba da ta ji Fenelofi, matar Odisiyus, ta jira mijinta shekara 20, tana saƙa da rana tana warwarewa da dare don ta yaudari manema, sai ta ce da a gaban alƙalin Malikiyya ne da shekara huɗu da idda sun ishe ta. Wani kuma ya lura cewa a kacici-kacicinmu wanda ya kasa shi ke ba da gari, amma Odifus da ya warware na dodon Tibis, mai ƙafa huɗu da safe, biyu da rana, uku da yamma, shi aka ba garin da gaske. Wannan ban taɓa tunaninsa ba, kuma na shigar da shi cikin takardun darasina.

Abin da ke damuna yanzu shi ne mako mai zuwa, inda dole in faɗa musu a fili cewa matar da aka ba Odifus tare da garin mahaifiyarsa ce, sannan mu shiga maganar ƙaddara, wadda na san yaron nan yana jira na a kanta.

Saboda haka ga aike. Mafassaran Bagadaza na zamanin Halifa Ma'amun sun ɗauki likitancin Jalinus da falsafar Girkawa suka bar waƙoƙin Homa, sai a 1904 Sulaiman al-Bustani ya buga fassarar Iliyad, waƙar Homa, da Larabci a nan garin da kake. Ka daure ka leƙa wurin masu tsofaffin littattafai na Azbakiyya ka nemo mini, ko da bugun baya ne, domin ina son in ga yadda ya yi da kalmar da ta hana ni barci. Kada ka ce sai ka zo hutu, na san hutunka. Kuɗin zan ba Hajiya idan na je gaishe ta ranar Juma'a.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka amini.