Gwaji huɗu ba su isa a ce jini lafiyayye ne ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Har yanzu raina a ɓace yake da maganar da baƙonku ya yi a shirin lafiya na daren Laraba, cewa muddin an gwada jinin da za a ƙara wa mutum an ga babu ƙanjamau, babu ciwon hanta iri biyu, babu tunjere, to mutum ya kwantar da hankalinsa. Gwaje-gwajen nan cutar da ke jikin mai ba da jinin suke nema, ba sa ganin ƙwayoyin bakteriya da allura kan kwaso daga fatar hannunsa ta kai cikin ledar jinin, inda suke hayayyafa da zarar jinin ya sha zafi.

Matata aka yi wa ƙarin jini bayan haihuwa a wani asibiti a nan Zariya. Ni da kaina na ɗauko jinin daga wurin gwaji a kan acaɓa, a cikin baƙar leda, da rana tsaka a watan Afrilu, domin ba wanda ya ce mini a akwatin sanyi ake ɗaukarsa, kuma ya fi awa guda a kan tebur kafin a rataya shi. Ba a yi minti ashirin ba ta hau makyarkyata, haƙoranta suna haɗuwa, jikinta ya yi zafi rau. Allah ya saka wa nas ɗin da ta yi maza ta tsayar da ƙarin. Da aka kai ragowar jinin ɗakin gwaji aka rene shi, sai ga bakteriya sun tsiro. Kwana tara ta yi a kwance, jaririyarmu tana hannun kakarta.

Daga baya na ji cewa ana ajiye jini ne a sanyin digiri 2 zuwa 6, a fara ƙarinsa cikin rabin awa da fitowarsa daga firji, a gama cikin awa 4, kuma wajibi ne a duba ledar ko jinin ya yi baƙi, ya yi gudaji ko kumfa. Ko ɗaya baƙonku bai ambata ba, alhali kowa ya san yadda ake ɗauke wuta a garin nan.

Ku dawo da shi ya faɗa mana wa ke duba wannan a wuraren ajiyar jini. Sannan ku gyara layin wayarku, sau bakwai na kira a daren nan bai shiga ba.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Zariya.