Kalmar "Depart": Tafiya Ce Ko Rasuwa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan kalmar Ingilishi "depart", wadda na lura tana rikita matasanmu, har ma da wasu masu fassara labarai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani ɗan ƙanena da ke aiki a Legas. Abokin aikinsa ya aiko masa da saƙo da asuba cewa mahaifinsu ya yi "depart" cikin dare, shi kuwa yaron, da yake bai taɓa cin karo da kalmar ba sai a allon filin jirgin sama na Malam Aminu Kano inda aka rubuta "Departures", sai ya mayar da amsa cewa Allah ya sauke Baba lafiya. Sai da rana ta take ya ga sanarwar jana'iza, kunya ta rufe shi har ya rasa bakin da zai yi ta'aziyya.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin kalmar ta daɗe tana sauya riga. Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon Faransanci, kuma a da tana nufin rabawa. A littafin addu'o'in cocin Ingila na 1549, ango da amarya kan yi alkawarin zama tare "till death us depart", wato har mutuwa ta raba su, amma a bugun 1662 aka mayar da ƙarshen maganar "do part", saboda waccan ma'ana ta riga ta dushe a bakin jama'a. Abin da ya rage shi ne barin wuri, daga nan kuma barin duniya baki ɗaya.

Gane bambancin ba shi da wuya. Idan aka ambaci tasha ko lokacin tashi, to tafiya ake nufi. Idan kuwa aka ce "departed this life" ko "the departed", rasuwa ce, kuma lafazi ne na ladabi da aka fi ji a coci da sanarwar makoki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ma haka muke sakaya maganar. Kalmar marigayi daga rigaya ta fito, shi ya sa muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, ko ya kwanta dama. Saboda haka ina roƙon masu yi muku fassara, in sun gamu da "the departed", su rubuta marigayi ko waɗanda suka rasu, kada su ce waɗanda suka tashi, kada kuma su ce ya mutu a inda Baturen ya tausasa harshe.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.