A Fara Koyon Birij Daga Tayi

Ya Mai Girma Edita,

Ina rokon ka ba ni fili in yi magana a kan birij, wasan kartar da mutum hudu ke yi, biyu-biyu, kowa da kati 13 daga cikin 52. Tsarin makinsa na yanzu ya samo asali ne daga Ba'amurke Harold Vanderbilt a shekarar 1925, kuma a ganina mai koyo ya fara da tayi, wato furta yawan zagayen da shi da abokin wasansa suka yi alkawarin ci (a kowane zagaye, kowa kati daya yake jefawa).

Kafin a jefa kati ko daya, kowa yakan auna hannunsa: as maki 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimilla 40 a dukkan kartar. Mai maki 12 ko 13 yana iya bude tayi. Abin da ya fi rikita sababbi shi ne, wanda ya taya "daya" ya dauki alkawarin cin zagaye bakwai ne, domin shidan farko ba a ambatonsu, kuma dole kowane sabon tayi ya dara na baya.

Na fi damuwa da masu tayi don burga, alhali kowace kalma sako ce ga abokin wasa game da karfin hannu da yawan katin da mutum yake da su a kowane launi, wato kowane irin kati. Shi ya sa nake shawartar abokan wasa su amince da tsari guda kafin su zauna.

Naka,
Wani mai karatu