Bautar Bani Isra'ila a Masar da kamun Babila: a daina haɗa su a kwando ɗaya

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya ku da sauran ma'aikata.

Dan Allah ku ba ni fili, akwai wata muhawara da ta ƙi ƙarewa tsakanin 'yan uwanmu a nan Legas, daga majalisun Agege zuwa guruf-guruf na WhatsApp na 'yan kasuwar Mile 12, wai shin labarin bautar Bani Isra'ila da kai su zaman bauta da ke cikin Baibul gaskiya ne ko ƙirƙira. Wasu su ce ai Turawa sun tono komai sun tabbatar, har suna turo bidiyon wai tayoyin karusan Fir'auna a ƙarƙashin Bahar Maliya, wasu kuma, yawanci samarin da suka ɗan yi boko, su ce duk tatsuniya ce. Ni dai wallahi duka biyun suna ba ni takaici, domin labari biyu ne daban, tsakaninsu ɗaruruwan shekaru, kuma hujjojinsu ba nauyi ɗaya ba.

Bari in fara da na Babila don shi ne mai sauƙi. Duk shekarun da zan kawo, ban da 1896 da 1863, kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne. Littafin tarihin Babilawa da kansu, wanda suka rubuta a kan allon yumɓu, ya ce Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya ci birnin Yahuda, wato Kudus, a shekara ta 597, ya kama sarkinsu ya naɗa wani. Baibul ya ce sunan sarkin da aka kama Yehoyakin, to an tono alluna a Babila, yanzu suna Balin ta Jamus, waɗanda ba komai ba ne illa lissafin ma'aji, wa aka ba mai, nawa aka ba shi, kuma ga sunan wannan sarki na Yahuda da 'ya'yansa 5 a ciki suna karɓar rabonsu. Kun ga mai rubuta wannan ba wa'azi yake yi ba, aikin ofis yake yi, shi ya sa ni hujjar ta fi kama ni. Sai rushe Kudus a 586 ko 587, an ga toka da kawunan kibau a ƙasar da aka tona. Kafin nan ma Sargon, sarkin Assuriya, ya yi alfahari ya kwashi mutum 27,290 daga Samariya, babban birnin masarautar Isra'ila, ɗansa Sennakerib kuma a 701 ya ce ya kulle Hezekiya, sarkin Yahuda, kamar tsuntsu a keji.

Amma ko a nan akwai gyara. A cikin Baibul, Littafin Sarakuna na biyu ya ce mutum 10,000 aka kwasa zuwa Babila, littafin Irmiya kuma ya tara jimillar 4,600, kuma ƙasar ba ta zama kufai ba, talakawa manoma sun ci gaba da zama. Tulun Sairus da ake yawan ambato, wato rubutun Sairus sarkin Farisa a kan dunƙulen yumɓu, wanda ke gidan tarihin Birtaniya, ya yi maganar mayar da mutane garuruwansu bayan ya ci Babila a 539, amma bai ambaci Yahudawa da suna ba, a daina ƙara masa abin da bai faɗa ba.

Na Masar shi ne mai wuya, kuma nan ne ya kamata kowa ya rage murya. Har yau ba a samu wani rubutun Masarawa da ya ce ga Bani Isra'ila bayi ne a ƙasarmu ko ga ranar da suka fita ba. Wurin da sunan Isra'ila ya fara bayyana shi ne dutsen Fir'auna Marnaftah na wajen 1208, wanda aka gano a 1896, kuma ya ambace su ne a matsayin al'umma a ƙasar Kan'ana, ba a Masar ba. Adadin maza 600,000 da Baibul ya ce sun fita daga Masar, in an haɗa da mata da yara, ya kai mutum wajen miliyan 2, kuma masu tono ba su ga alamar irin wannan taro na shekara 40 a Sinai ba. Tayoyin karusan nan kuma babu gidan tarihin da ke riƙe da su, dan Allah a daina turawa.

To shi kenan sai a ce ƙarya ne? A'a, wannan ma gaggawa ce. An tabbatar mutanen Kan'ana sun zauna a gabashin bakin kogin Nilu, an tono garinsu Afaris, akwai takardar da ke Buruklin a Amurka mai jerin barorin wani gidan Bamasare da sunaye irin na yankin Kan'ana, akwai zanen kamammu suna buga tubali a kabarin wani waziri, kuma birnin Ramsis da Baibul ya ambata birni ne na gaske. Ƙasar wurin ma mai dausayi ce, takarda ba ta daɗewa, sannan fir'aunoni ba sa sassaƙa labarin kunyarsu a bango. Mu da ke Legas ya kamata mu fi kowa gane wannan, Hausawa da yawa sun yi bauta a ƙasar nan, amma waɗanda aka fi sani su ne waɗanda Gulofa, Baturen mulkin mallaka na Legas, ya ɗauka soja a 1863, don Bature ya rubuta, sauran fa wa ya rubuta sunansu?

Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙissar Annabi Musa (AS) saboda Alƙur'ani ya faɗa, maƙwabtana Kiristoci ma sun yi imani saboda littafinsu, kuma imanin nan bai jira wani mai tono ba. Abin da nake tsoro shi ne mu jingina shi a kan bidiyon bogi, ranar da yaro ya gano bidiyon ƙarya ne sai ya fara shakkar sauran. Roƙona Edita, ku nemi malamin tarihi daga jami'a ku ba shi shafi ya warware mana wannan da Hausa, ya nuna abin da aka tono da inda aka ajiye shi.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas