Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu: A Liƙa Mana Sunayen Waɗanda Suka Karɓi Taki

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ni manomin gero da dawa ne, kuma ina cikin waɗanda suka tsaya a rana ranar da ka zo neman ƙuri'a a filin makarantarmu ta firamare. A nan ka ce idan tallafin noma ya zo, hannun manomi zai fara shiga. Mun tafa maka har tafin hannunmu ya yi ja.

To, tallafin ya zo. Mun ga tirela ta shiga sakatariya, mun ji a rediyo an ce an raba. Tun kafin ruwan fari malamin gona ya bi mu gida gida ya rubuta sunayenmu, ya karɓi lambar NIN da ta waya. Muka yi shuka, muka yi noman firi, muka yi maimai, muna jiran kira. Gero ya fitar da kai ba mu ga ko kamfa ko yuriya ba. Ranar kasuwa sai ga buhunan a rumfa, tambarin gwamnati na jikinsu, ana sayar mana da su tsaba.

Ashe mazaɓarmu cike take da manoman da ba mu sani ba. Akwai wanda rabonsa da riƙe fartanya tun yana yaro, an ce buhu goma ya ɗauka. Allah ya ba shi damina mai albarka a gonarsa ta cikin takarda.

Ka fi ni sanin tarihin abin nan. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, saƙo ake turo wa manomi a waya, ya je da kansa ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin yana da nasa aibu, amma mutum ya san rabonsa. Zamanin Buhari an yi yarjejeniya da Maroko, aka sa wa buhun kamfa naira 5,500. A watan Maris na 2024 kuwa Babban Banki ya miƙa wa ma'aikatar gona ta tarayya buhu miliyan 2.15. Kullum daga sama ana faɗin adadi. Sai kaya sun iso kusa da mu lissafi yake ɓacewa.

Abu ɗaya nake roƙo, don Allah don Annabi: a fito da takardar rabon. Sunan kowa, ƙauyensa, da buhu nawa ya sa hannu ya karɓa. A liƙa ta a ƙofar dagaci da bangon masallacin Juma'a. Mu mun san juna, mun san wanda yake da gona da wanda ba shi da ita. Idan rabon gaskiya aka yi, takardar ce za ta wanke ka, ni kuma zan zo har ofis in ba ka haƙuri a gaban mutane.

Maganar irin shuka da maganin feshi ma tana nan, da hanyar kasuwa da ruwa ya cinye, amma wannan sai wani jiƙon.

Noman rani ya matso, an fara raɗe-raɗin za a sake rubuta sunaye. Kafin malamin gona ya dawo da wani sabon littafi, muna son ganin na damina.

Naka,
Wani manomi daga cikin talakawanka.