Zuwa ga Yaya, a kan tambayarka game da Oilers

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan su Umma suna lafiya.

Na ga tambayar da ka jefa mini a Facebook, a gaban kowa, har abokanka suna ta tafa maka. Ka ce shekara biyu a jere ƙungiyar Florida Panthers tana kwantar da Edmonton Oilers a wasan ƙarshe, to me ya rage da nake fata a kakar da za a buɗe a watan Oktoban 2025, kuma wai ma wa ya aiki ɗan Kano kallon ƙwallon gora a kan ƙanƙara? Tunda a kasuwa aka yi tambaya, a kasuwa zan amsa.

Ta biyun ba ta da wuya. Wanda ya zauna a Edmonton, inda hunturu kan kai sanyi digiri 30 ƙasa da sifiri, ko ya so wasan nan ko ya rasa abokin hira a wurin aiki. Kuma ba ni ne farkon mai jinin Najeriya da ya shiga harkar ba: Jarome Iginla, wanda aka haifa a garin nan a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Sai dai kyaftin ɗin Calgary Flames ya zama, abokan gabarmu, don haka yabonsa da rabin baki nake yi.

Ta farkon ce mai ciwo. Ranar 24 ga Yunin 2024 ina falon maƙwabcina, wani dattijo da ya ga zamanin Wayne Gretzky, tsohon tauraron Oilers mai lamba 99, da idonsa, lokacin da Oilers suka ɗauki Kofin Stanley, babban kofin gasar, a 1984, 1985, 1987 da 1988, suka ƙara a 1990 bayan tafiyarsa. Florida ta riga ta ci mu wasa uku a jere, muka farfaɗo muka rama uku, saura na bakwai. Aka tashi 2 da 1, Sam Reinhart na Florida ne ya zura ta biyun. Dattijon nan bai ce uffan ba. Ya cire tsohuwar rigarsa mai lamba 99, ya ninke ta a hankali kamar mai ninke likkafani, ya ajiye a kan kujera. Na fito waje, rana ba ta ma faɗi ba, don a watan Yuni sai bayan ƙarfe 10 na dare ake magariba a nan. Da baƙin cikina na zauna ina jiran sallah. An ba kyaftin ɗinmu Connor McDavid kyautar gwarzon wasannin duk da an ci su, bai ko fito ya karɓa ba. A 2025 kuwa a wasa na shida aka gama da mu, 5 da 1, Reinhart ɗin dai ya ci huɗu shi kaɗai.

To ga abin da nake fata. Ba ƙarin ƙwallaye nake roƙo ba, muna da masu ci har sun yi yawa. McDavid ya taɓa tara maki 153 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a kaka ɗaya, Leon Draisaitl, Bajamushen nan, ya zura 52 a kakar 2024-25. Abin da ya hana mu barci raga ce. A wasannin ƙarshe na 2025 koci ya riƙa musayar gola tsakanin Stuart Skinner da Calvin Pickard, yau wannan gobe wancan, kuma ƙungiyar da ba ta san wa zai tsare mata gida gobe ba, da wuya ta ci wasanni 16 ɗin da ake buƙata kafin a taɓa kofi. Ina son gola ɗaya da zai tsaya da ƙafarsa daga Afrilu har Yuni. Ina son masu tsaron baya su daina sakin faifan, wato ƙwallon wasan, a bakin ragarsu idan an matsa musu. Sannan kada a ƙone McDavid da Draisaitl a wasanni 82 na kaka, su iso lokacin da ake buƙatarsu da sauran ƙarfi a gwiwa. Florida ba ta fi mu gwanaye ba, ta fi mu yawan waɗanda za a dogara da su idan taurari sun gaji.

Akwai kuma tsoron da ba na son furtawa. McDavid ya zo mana a 2015, shekara goma ke nan babu kofi, kuma garin nan bai manta da 1988 ba, lokacin da aka sayar da Gretzky ga Los Angeles. Rabon wata ƙungiyar Kanada da kofin nan tun Montreal a 1993. Idan za a karya wannan fari, ina so a karya shi a Rogers Place, filin wasanmu, da McDavid mai lamba 97 a gaba.

Ƙaramar 'yarka ta fara koyon tafiya a kan ƙanƙara, faɗuwarta ta fi tafiyarta yawa, amma ta riga ta ce rigar Draisaitl take so. Taka ma na saya, mai lamba 29, zan ba mai zuwa Kano ya kawo maka kafin Oktoba.

Ƙanenka,
daga Edmonton