Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Hafsan Sojin Ruwa: ina kason masana'antun gida?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Mun ga jiragen sintirin ruwa NNS Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a Disambar 2021, duk an haɗa su a Legas, kuma mun yi murna. Amma wanda ya sauka ɗakin inji ya san injinan daga waje suka zo. A 2021 ɗin nan aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76. Nawa ne kason kamfanonin gida a ciki? Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na 2018 ya ce a fifita injiniyoyi da kamfanonin gida, an kuma sa hannu kan sabuwar dokar DICON, hukumar ƙera kayan yaƙi ta ƙasa, a 2023. Muna so mu ga waɗannan a cikin takardar kwangila.

Dubi Ostireliya. A 2016 ta zaɓi kamfanin Faransa ya ƙera mata jiragen ƙarƙashin teku 12, ana ta alkawarin aikin gida da baki. Sai a farkon 2021 aka rubuta cikin yarjejeniya cewa kashi 60 cikin ɗari na kuɗin aikin a gida za a kashe, a Satumba kuma aka soke aikin baki ɗaya, ƙananan kamfanonin da suka yi shiri suka tashi a tutar babu. Barazil ta bi wata hanyar: tun yarjejeniyarta da Faransa a 2008 ta sa sharaɗin koyar da mutanenta, kamfaninta Nuclep ya naɗe sassan gangar jirgi, aka saka jirgin ƙarƙashin teku Riachuelo a ruwa a 2018.

An saba cewa masu waldarmu ba su kai ba. Hannu suna da shi, takardar shaida da kayan awo ne babu. Ƙarfen HY-80 na jirgin ƙarƙashin teku, in ba a ɗumama shi kafin walda ba, ko aka bar sandar walda ta sha danshi, ɗinkin zai fito sumul, bayan kwana ɗaya ko biyu ya tsage ta ciki inda ido ba ya gani. Shi ya sa ake gasa sandunan a tanda, a ajiye su da ɗumi, a haska ɗinki da na'ura, a rubuta wanda ya yi shi da lambar farantin. Ko a ƙarfen AH36 na jirgin sintiri, masu tantance ingancin jirage irin su Lloyd's Register ko Bureau Veritas ba za su karɓi aikin da ba shi da wannan tarihi ba. Mai walda a Panteka ta Kaduna ba zai iya biyan kuɗin wannan gwaji shi kaɗai ba, alhali ba shi da tabbacin oda.

Don Allah, Ranka ya daɗe, a kwangila ta gaba a rubuta kason tun ranar farko, kuma sassa-sassa: bututu, wayoyin lantarki, ƙofofi, tankuna, fenti. In an bar shi jimla ɗaya, da kuɗin masauki da sufuri za a cike shi. A ɗaure biyan kuɗi da cika wannan sharaɗi. A fitar da jerin sassan shekara biyu kafin aza ƙashin jirgi, rundunar ta ɗauki nauyin gwajin masu walda.

Farantin jirgi kam za mu ci gaba da sayowa, tunda masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta tun 1979 ba ta narka ƙarfe ba. Sauran kuwa sa hannunka suke jira.

Na gode.